Filin Masu Abin Hawa: Ajiyayyar Mota Da Laimar Damina A Minna

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, ranar da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, motocin da ke tsaye a ƙofar gidajen mutane suka ƙaru ƙwarai da gaske a manyan garuruwan ƙasar nan. Litar fetur wadda ake saye ƙasa da Naira 200 kafin wannan rana ta haura Naira 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, sa'an nan a watan Oktoba na 2024 ta haura Naira 1,000. Ma'aikaci mai albashi ya yi lissafi, ya ga hawa keke Napep ya fi masa sauƙi, sai ya kulle motarsa, ya ja tamfol ya lulluɓe ta, ya ce sai al'amura sun gyaru.

Minna gari ne na ma'aikata tun da ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, saboda haka wannan hali ya fi fitowa fili a cikinta. Duk wanda ya zaga Bosso, ko Tunga, ko Maitumbi, ko Kpakungu, ko Chanchaga, zai ga motoci a lulluɓe a gindin mangwaro ko dalbejiya, ciyawa ta fara tsirowa kewaye da tayoyinsu. Ban da waɗannan akwai motocin alhazai, domin kuwa Hajjin 2023 da na 2024 da na 2025 duk a watan Yuni suka faɗo, watau mahajjaci yakan bar motarsa wajen wata guda ko fiye a tsakiyar ruwa. Akwai kuma bas-bas na makarantu da ke kwana a fili duk tsawon dogon hutu, da motocin yaƙin neman zaɓe da ake mantawa da su da zarar an gama ƙidayar ƙuri'a.

Mai mota yana zaton abin hawansa hutawa yake yi. Sai ran da ya buɗe ƙofa bayan wata biyu ko uku wani wari mai kama da na tsohon rumbu ya bugi hancinsa, ya ga wani abu fari-fari ko toka-toka ya lulluɓe sitiyari da kujeru da ɗamarar kujera. Wannan ita ce funfuna, wadda wasu ke kira hunhuna. Maganar da wannan fili yake so mai karatu ya riƙe guda ɗaya ce: irin rufewar da take kare mota daga ƙurar hunturu, ita ce take lalata ta da damina, muddin an rufe ta da ruwa a ciki.

Yanayin Minna

Wanda ya tashi a Sakkwato ko Katsina ya zo aiki Minna yakan taho da dabarun garinsu, inda babban abokin gabar mota shi ne rana da ƙura. A can, lulluɓe mota ruf dabara ce mai kyau a yawancin watannin shekara. Minna kuwa ƙasa ce ta ruwa. Damina takan faɗi a watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara yakan haura milimita 1,100, watau kusan ninki biyu na abin da Sakkwato ke samu. Watannin Agusta da Satumba su ne na marka, lokacin da akan yi kwana da kwanaki rana ba ta fito da ƙarfinta ba, shanya ma ta ƙi bushewa a kan igiya.

Masana yanayi suna auna laimar iska da kaso cikin 100. Idan aka ce laima ta kai kashi 100 cikin 100, ana nufin iska ta ƙoshi da ruwa, ba za ta iya ɗaukar ƙari ba. A lokacin marka laimar Minna takan haura kashi 80, alhali kuwa da tsakar hunturu, a watan Janairu, takan sauka ƙasa da kashi 30 da rana. Funfuna tana fara samun yadda take so ne idan laima ta zauna sama da kashi 70 na kwanaki a jere, shi ya sa masana lafiyar gidaje suke ba da shawarar a riƙe ta ƙasa da kashi 60. Ke nan wata biyu ko uku a kowace shekara iskar Minna da kanta ta isa ta raya funfuna, ko da ɗigon ruwa bai shiga mota ba.

Yadda Abin Yake Faruwa

Funfuna halitta ce mai rai, dangin naman kaza. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna yawo cikin iska ko'ina, ba kuwa motar da babu su a ciki. Abu uku suke jira kafin su tsiro: danshi, da ɗumi, da abinci. Ɗumi dai akwai shi a Minna ko da yaushe. Abinci kuwa ba sai an kai musu ba, domin gumin hannu da ke jikin sitiyari, da maiƙon kai da ke jikin kujera, da ɓurɓushin gyaɗa ko biskit da yara suka zubar, da ƙurar da ta kwanta a kafet, duk sun wadatar. Saura danshi, wanda shi kaɗai ne mai mota yake da iko a kansa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi gargaɗi cewa duk abin da ya jiƙe aka bar shi awa 24 zuwa 48 bai bushe ba, funfuna tana iya kama shi.

Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa. A ɗauki akwati wanda tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowanne mita ɗaya ne. Iskar da ta cika shi tana iya riƙe wajen giram 30 na ruwa idan zafi ya kai digiri 30, amma idan ya sauka zuwa digiri 20 ba ta iya riƙe fiye da giram 17. Ragowar tilas ta sauke shi, wannan shi ne raɓar da ake gani a kan ciyawa da asuba. A cikin rufaffiyar mota ma haka abin yake. Da rana ƙarfe ya yi zafi, duk ruwan da ke ɓoye a ƙarƙashin kafet ya tashi ya zama tururi. Da dare jikin mota ya huce, tururin ya koma ruwa a jikin gilashi da rufi, ya gangara cikin kujeru. Gobe a sake, jibi a sake, ruwan nan ɗaya yana ta zagayawa, ba shi da hanyar fita.

Akwai lissafin da ya kamata a lura da shi a nan. Cikin ƙaramar mota bai fi irin akwatin can guda uku ba, saboda haka duk ruwan da ke cikin iskarta bai cika kofin shayi ba. Amma soson da ke shimfiɗe a ƙarƙashin kafet yana iya shan lita da yawa, kuma saman kafet ɗin ya kasance a bushe, a taɓa ba a ji komai ba. Don haka wanda ya ga gilashin motarsa yana gumi daga ciki kowace safiya, to, ya san akwai ruwa a kwance a wani wuri. Ruwa ba ya tsami banza.

Ta Ina Ruwan Yake Shiga?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wuri na farko da za a duba shi ne magudanar da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa. An yi mata ƙananan ramuka don ruwan sama ya wuce ƙasa, to, ganyen dalbejiya da furen mangwaro sukan toshe su, ruwa ya taru ya malala ta hanyar da iska ke shiga, ya sauka a ƙafar mai zaman gaba. Na biyu shi ne robar ƙofofi da ta but, wadda zafin watan Maris yakan busar har ta tsattsage. Na uku ramukan da ke gindin kowace ƙofa, waɗanda laka ke toshewa. Na huɗu tagar rufi, ga motocin da ke da ita, domin tana da siraran bututai da ke saukar da ruwa, kuma su ma suna toshewa. Na biyar gilashin da aka canja ba a liƙe shi da kyau ba, da fitilun baya da aka taɓa kwancewa bayan haɗari. Na shida bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya iska, wanda idan ya toshe ruwan ciki yake komawa.

Gwajin ba shi da wuya. Mutum ɗaya ya zauna a ciki da tocila, wani ya riƙa zuba ruwa da bokiti a hankali, daga ƙasa zuwa sama, gefe ɗaya bayan ɗaya. A ɗaga kafet a danna soson ƙarƙashinsa da hannu. A fitar da safaya a duba raminta, domin sau da yawa nan ne akan tarar da ruwa ya kwanta kamar a kwatarniya.

Masu sayen motocin da aka shigo da su daga waje suna da ƙarin abin lura. Bayan manyan guguwa irin Katrina ta 2005 da Harvey ta 2017, dubban motoci sun nutse a Amurka, kuma irin waɗannan akan sayar da su gwanjo, wasu su ƙetaro teku. Alamominsu su ne laka a lungunan da wanki ba ya kaiwa, da tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, da turaren mota mai yawan da ya wuce kima. A jawo ɗamarar kujera har ƙarshenta, idan akwai shatar ruwa a jikinta, to, magana ta ƙare.

Darasi Daga Masu Mota Mai Ɗaki

A Amurka da Jamus da Ingila akwai wata irin babbar mota da ake ƙerawa da gado da madafa da banɗaki da tankin ruwa a ciki, iyali su shiga su yi yawon hutu suna kwana a cikinta. Kamfanin Winnebago na Jihar Iowa ya fara fitar da irinta a 1966. Masu ita sukan mora ta watanni kaɗan na lokacin zafi, sa'an nan su ajiye ta duk tsawon sanyi, saboda haka ba wanda ya kai su sanin ɓarnar laima. Jikin da yawa daga cikin waɗannan motoci akwai katako a tsakanin bango, idan ruwa ya ɗiga ta rufi sai katakon ya ruɓe daga ciki ba a sani ba. Shi ya sa a Ingila akan kai irin wannan mota a auna danshin bangonta da na'ura sau ɗaya a shekara.

Ƙa'idodinsu na ajiya sanannu ne. Sukan zubar da ruwan tanki da na bututai gaba ɗaya. Sukan kwashe abinci duka, su wanke firiji su bar ƙofarsa a ɗan buɗe. Sukan buɗe kowane kabad, su fitar da labule da barguna, su tayar da katifu tsaye don iska ta ratsa bayansu. Sukan hau rufi su duba liƙin da ke kewaye da kowace taga, ba sa toshe ƙananan ramukan shan iska da maƙera suka bari, kuma ba sa lulluɓe ta da leda, sai da mayafin da iska ke ratsawa.

Irin wannan mota ta yawon hutu ba ta yawaita a Nijeriya ba, amma 'yan uwanta suna nan. Motar asibiti ta tafi-da-gidanka tana da gado da kabad da tankin ruwa. Motar ɗaukar marasa lafiya tana da katifa. Kwantenar da 'yan kwangilar hanya suke mayarwa ofis ko ɗakin kwana, irin waɗanda ake gani a hanyar Minna zuwa Bida ko ta Suleja, ita ma akwatin ƙarfe ce da ke gumi da dare. Duk ƙa'idodin can sun hau kansu daidai wa daida.

Kafin A Ajiye

Abu na farko shi ne tsabta. A share cikin mota sarai, a goge sitiyari da giya da hannun ƙofa da ɗamarar kujera da ɗan ruwan sabulu, a fitar da darduma, da laima, da takalma, da takardu, da tabarmin ƙafa. Masu ɗauko kaya daga kasuwannin ƙauye su kula da but, domin ƙwayar masara ko shinkafa da ta zube takan jawo funfuna da ɓera gaba ɗaya, ɓera kuwa ba ya barin wayoyi.

Na biyu bushewa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kai mota wurin wanki, a wanke kujeru da kafet, a dawo da ita gida da la'asar a rufe. Wanda ya yi haka da hannunsa ya shuka funfuna. Idan an wanke ciki, a bar ƙofofi huɗu da but a buɗe cikin rana yini biyu ko uku, sai an danna soso an ji shi ƙamas. Wanda ya san zai yi doguwar ajiya, lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da iskar hunturu take busar da kome kyauta.

Na uku wurin ajiya. Ƙasa da ciyawa suna fitar da danshi dare da rana, shi ke cin ƙarƙashin mota da salansa. Daɓen siminti ya fi, in babu a zuba tsakuwa. A guji gindin itace da kwari inda ruwa ke kwanciya. Rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe ta fi rufaffen garejin da ba shi da taga.

Na huɗu, a zaɓi ɗaya daga hanyoyi biyu, kada a haɗa su. Idan motar tana ƙarƙashin rufi inda feshin ruwa ba ya kaiwa, a sauke gilashi biyu masu fuskantar juna kamar faɗin yatsa, a sa ragar sauro a bakin, iska ta riƙa ratsawa. Idan kuwa a fili take, a rufe gilasai ruf bayan an tabbata cikin ya bushe, a sa abin shan laima a ciki. Wanda ya sa abin shan laima kuma ya bar gilashi a buɗe, ya ɗora masa aikin busar da iskar Minna duka, cikin 'yan kwanaki zai ƙoshi ya daina aiki.

Abin shan laima iri-iri ne. Akwai ƙwayoyin silika, irin ƙananan ƙullin da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani, waɗanda ke shan wajen kashi ɗaya bisa uku na nauyinsu, saboda haka mota tana bukatar kilo guda ko fiye, ƙulli biyu ba su yin kome. Ana iya gasa su a hankali su bushe a sake amfani da su. Akwai kuma wani farin gishiri mai suna kalsiyam kulorayid, wanda ake sayarwa cikin 'yan robobi, shi yana shan fiye da nauyinsa, amma yakan narke ya zama ruwa mai cin ƙarfe, don haka a ajiye robar cikin bokiti, a riƙa zubar da ruwan. Gawayi yana rage wari, aikinsa kan laima kaɗan ne. Shinkafa kuwa gayyatar ɓera ce kawai. Akwai ɗan ƙaramin ma'aunin laima mai batir, wanda idan aka ajiye a kan kujera ana iya karanta shi ta gilashi, idan ya haura 65 a san lokacin buɗewa ya yi.

Game da tamfol da leda, idan ba makawa sai an yi amfani da su, a ɗaure su sama kamar rumfa, a bar tazara tsakaninsu da jikin mota. Tamfol da ya kwanta a kan fenti har ƙasa yana tare tururin da ke tasowa daga ƙasa, yana ɓata fenti, ruwan da ke taruwa a lanƙwasarsa kuma gidan sauro ne.

Ziyarar Mako-Mako

Ajiyayyar mota kamar dabbar turke take, tana bukatar a leƙa ta. Sau ɗaya a mako, ranar da rana ta fito, a buɗe ƙofofi da tsakar rana na awa ɗaya ko biyu, a share ganye daga gindin gilashi, a taɓa kafet. Kowane mako biyu a fita da ita a yi tafiyar minti 20 zuwa 30 da na'urar sanyaya iska a kunne, domin wannan na'ura tana tatse ruwa daga iska, ba abin da ya kai ta busar da cikin mota. Minti biyar kafin a tsaya a kashe sanyin a bar fanka kaɗai, don cikin na'urar ya bushe.

Tayar da inji minti biyar a tsaye a kashe, wanda mutane da yawa ke yi, ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Kowace lita ta fetur da ta ƙone tana haifar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi, idan inji da salansa ba su yi zafi sosai ba, wani sashe na ruwan nan a cikinsu yake kwanciya. Kada kuma a kuskura a bar inji yana aiki a rufaffen gareji, ko a sa kaskon garwashi cikin mota wai don ta bushe, domin hayaƙin duka biyun yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Laima ba a kujeru kaɗai take tsayawa ba. Man birki yana shan ruwa daga iska, shi ya sa maƙera da yawa suka ce a canja shi duk shekara biyu. Birkin hannu idan aka bar shi a ja watanni yakan kama da tsatsa, gara a sa giya a tokare tayoyi da katako. Tankin da ba mai a cikinsa yana yin gumi daga ciki. A cire wayar batir idan ajiyar za ta wuce wata guda. Motocin zamani kuma akwai wayoyi da mahaɗai a ƙarƙashin kafet, wasu har da ƙwaƙwalwar mota a ƙarƙashin kujera, danshi yana sa su tsatsa, kuɗin gyaransu kuwa ya ninka na litar fetur biyu ko uku da ake ƙyashin ƙonawa. Bayan kowace ziyara a kulle ƙofofi da makulli, domin an sha samun yara sun shiga ajiyayyar mota wasa, ƙofa ta rufe, zafi ya halaka su.

Idan Ta Riga Ta Kama

Funfuna ba maganar ƙazanta kaɗai ba ce. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan laima da funfuna a cikin gine-gine, inda ta nuna cewa zama a irin wannan wuri yana da alaƙa da tari, da toshewar hanci, da tashin cutar asma. Akwai wani nau'i mai suna Aspergillus wanda yake iya zama a huhun wanda ya taɓa yin tarin fuka, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan ciwo a duniya. Saboda haka mai asma, da mai juna biyu, da tsoho, da wanda jikinsa ya yi rauni, kada a sa su wannan aiki, kada kuma a ɗauki yara a motar sai an gama. Waɗanda suka mai da tsohuwar bas rumbun masara ko gyaɗa su ma su yi hattara, domin wani ɗan uwan wannan nau'i yana fitar da dafi mai suna aflatoksin, wanda ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe shi.

A fitar da motar fili, a buɗe ƙofofi, a sa takunkumin fuska da safar hannu. Kada a kaɗe funfuna a bushe, domin irinta zai tashi ya cika huhu. A jiƙa tsumma da ruwan sabulu a goge a hankali, a bi da farin ruwan kal, a bar shi ya ɗan jima, sa'an nan a goge a shanya. Ruwan bilic irin su Hypo da JIK yana ƙona yadi da fata, yana raunana ɗamarar kujera, saboda haka a bar shi ga tabarmin roba kaɗai. Haɗa shi da ruwan kal kuwa yana fitar da iska mai guba. Idan soson ƙarƙashin kafet ya yi baƙi yana wari, ba ya wankuwa, sai a kai wa masu ɗinkin kujerun mota su cire su sa sabo. A canja matatar iskar da ke shiga cikin mota. Sama da kome, a nemo inda ruwan ya shiga a toshe, in ba haka ba funfuna za ta dawo kafin sabon wata ya tsaya. Fesa turare a kan wari kamar shafa hoda ne a kan ƙurji.

Dukiyar Jama'a

Mutum ɗaya idan ya yi sakaci da motarsa aljihunsa ne zai ji. Amma motar asibiti ko bas ɗin makaranta da aka saya da kuɗin jama'a, asararta ta kowa ce. Shekarun baya sun nuna yadda manyan motoci kan tsaya ba shiri: hana zirga-zirga tsakanin jihohi saboda annobar korona, wanda ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli na 2020, da yajin aikin malaman jami'o'i daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022, wanda ya cinye damina guda cur. Ya kamata kowace ma'aikata da kowace ƙaramar hukuma mai motoci a ajiye ta damƙa wa ma'aikaci ɗaya alhakinsu da sunansa, a ba shi littafin da zai riƙa rubuta ranar da ya buɗe kowace mota da abin da ya gani, a kuma ware masa 'yan litocin mai na zagayawa. Rumfar kwano a kan motar asibiti ba ta kai kuɗin tayoyinta ba. Wadda kuma aka tabbata ba za a sake hawa ba, gara a yi gwanjonta bisa ƙa'ida tun tana da daraja, da a bar ta ta ruɓe a bayan ofis.

Ga magidanci kuwa, sau da yawa motar nan ita ce babbar kadararsa bayan gida, ita zai sayar ran da kuɗin makaranta ko na asibiti ya taso. Dillali da ya buɗe ƙofa ya ji warin funfuna ya riga ya rage farashi a zuciyarsa kafin ya ɗaga bonet. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Awa guda a mako, da bokitin ruwa na gwaji kafin watan Afrilu, sun isa su tsare wannan dukiya har damina ta ɗauke. Allah ya kiyaye hanya, ya kuma kawo sauƙin rayuwa.